Yadda Yalwa Ta Rina Tumatir

Dalilin da ya sa tumatir ba ya iya ɓoye nunarsa, da zarar ya nuna sai ya yi jajir a hango shi tun daga bakin lambu, wata mata ce ta jawo, sunanta Yalwa. Ku matso kusa, yara, don a da ba haka yake ba.

A wancan zamani tumatir kore ne tun daga fitowarsa har ruɓewarsa. Ɗanye kore, nunanne kore, kamar gauta. Sai mutum ya tsuguna ya latsa da yatsa kafin ya gane wanda ya yi laushi.

A garin Kwarin Maje, inda fadama ta shimfiɗu a bakin rafi, akwai Sarkin Lambu mai suna Barmo. Shi ke raba wa manoma fangula, wato 'yan gonakin ban ruwa, shi ke cewa yau ruwan wane ne, gobe na wane. Kakanninsa kan karɓi tumatir ɗaya tak daga nunan fari don sa albarka. Barmo ya ce ɗaya ya yi masa kaɗan, duk abin da ya fara nuna a lambun kowa nasa ne, wanda ya ƙi kuma a ƙwace fangalinsa a ba wani.

Da yake nunanne da ɗanye kamarsu ɗaya, sai mutane suka koyi ƙarya. Barmo zai fito zagaye da hantsi, barorinsa biyu na biye da kwanduna, ya tsaya ya ce, "Sun nuna?" Mai lambu ya durƙusa ya ce, "Tukuna, ranka ya daɗe, duk duwatsu ne." Barmo ga tumbi, tsuguno na yi masa wuya, sai ya wuce. Yana ba da baya a tsinke a cusa ƙarƙashin ciyawar awaki a kai gida. Amma duk shekara sai an kama mutum ɗaya ko biyu, a kore su daga fadama suna kuka.

Yalwa mijinta ya rasu ya bar mata fangali a can sama, kusa da jigon da ake ɗebo ruwa daga rafi. Wurin duk tsakuwa ne, shi ya sa ba wanda ya yi mata takara. Shekara uku ta yi tana tsince duwatsu da hannu, tana kawo takin tumaki a ka, har ƙasar ta yi baƙi ta yi laushi. Idan ta koma gida kuma ta saƙa faifai, ta rina kabarsa da karan dafi, jan rinin nan da ba ya saki.

A shekarar da abin ya faru an yi bazara mai zafi ƙwarai. 'Yarta guda ɗaya, Hansai, ta zo gida goyon ciki ta haihu, amma tun daga ranar abinci ya fita ranta. An dama kunun kanwa, ta kau da kai. An gasa nama, ta ce warinsa na tayar mata da zuciya. Nono ya ƙi zuwa, jaririn yana ta tsala kuka har muryarsa ta dushe. Ran nan da safe Hansai ta kama hannun uwar ta ce, "Inna, da zan sami miyar sabon tumatir, irin na lambunki, ina jin zan iya ci."

Yalwa ta yafa gyale ta nufi fadama. Ta bi shukarta ɗaya bayan ɗaya tana latsawa, ta sami guda bakwai sun yi laushi, su ne na farko a lambunta a wannan shekara.

Nomau, ƙanin mijinta, wanda fangalinsa ke ƙasa da nata, ya leƙo ya yi ƙasa da murya. "Yaya, yi maza ki tsinke, ga ciyawa na yanko miki. Ni ma nawa sun nuna tun shekaranjiya, ban gaya wa kowa ba."

Yalwa ta dubi ciyawar, ta dubi tafin hannunta da igiyar jigo ta farfasa. Ta ce, "Nomau, na gaji da satar abina. Ni na tsince dutse, ni na shuka, ni na ja ruwa cikin wannan rana. Yanzu kuma in lallaɓa da shi kamar ɓera?"

"To za ki ba shi ke nan?"

"Ba zan ɓoye ba, ba kuma zan bayar ba."

Nomau ya kama baki ya ce, "Yaya, wurin nan fa shi ne cinki, shi ne shanki."

Ta koma gida ta ɗauko tukunyar rininta da gashin kaza guda, ta tsuguna ta shafe tumatir bakwai ɗin nan tas, har suka yi jajir cikin koren ganye. Ta ajiye tukunyar a bakin hanyar ruwa, ta dogara fartanyarta, ta tsaya. Gabanta na faɗuwa, ba a ce ba ya faɗuwa ba, amma kukan jikanta ya fi mata ƙara a kunne.

Da hantsi sai ga Barmo. Tun daga nesa ya hango jan abu, ya ƙaro sauri. "Ke Yalwa, mene ne wannan?"

"Nunannu ne, ranka ya daɗe. Na rina su don kada ka sha wahalar tambaya. Bakwai ne."

Barmo ya yi murmushi ya shafa gemu. "Madalla. Ku tsinko."

"Ba naka ba ne," in ji Yalwa. "Na mai jego ne. 'Yata kwana shida ba ta ci abin kirki ba."

Murmushin ya ɓace. "Kin san doka?"

"Na san ta kakanka, guda ɗaya, kuma da sallama yake zuwa. Taka ban san inda ka samo ta ba."

Barorin suka matso, Yalwa ta gitta fartanya ta ce, "Wanda zai taɓa su sai ya fara tsallake ni. Kai Ɗanjuma, ni na yanke maka cibiya, zo ka ture ni in gani." Baran ya sunkuyar da kai ya ja baya, ɗan'uwansa ma ya bi shi.

Barmo ya fusata. Ya ce, "To ku wanke wannan rashin kunyar, kada wani ya gani ya koya!" Suka shiga jan jigo suna watsa ruwa daga nesa, guga bayan guga, har zanen Yalwa ya jiƙe sharkaf. Ba ta gusa ba, jan ma bai gusa ba, sai ƙara ƙyalli da yake yi. Haushi ya kama Barmo ya kai wa tukunyar rinin shuri. Ta mirgina ta fashe cikin hanyar ruwa, jan ruwa ya gangara yana shiga fangali bayan fangali har ƙarshen fadama.

"Bayan la'asar kowa ya hallara a nan," in ji Barmo. "A gaban jama'a zan kore ki."

Yalwa ta wuni a wurin, rana ta busar da zanenta a jikinta. Bayan la'asar manoma suka taru, kowa ya yi tsuru-tsuru. Barmo ya hau kan kunyar lambu ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga idon mutane ba a kansa yake ba. Ya waiwaya. Fadama gaba ɗaya ta yi ɗigo-ɗigon ja. Shukar ta sha ruwan rini, kuma duk tumatir ɗin da ya nuna ya yi jajir, ɗanyu ne kawai suka rage kore. Fangalin Nomau ya fi na kowa, shi da ya rantse wa Barmo da safe cewa duk duwatsu ne.

Barmo ya daka tsawa, "Ashe duk ƙarya kuke yi mini! Na ƙwace! Daga sama har ƙasa na ƙwace!"

Yalwa ta ce, "Ka ƙwace ka ba wa? Duk masu jan jigon garin nan ga su a gabanka. Ko kai za ka yi ban ruwan?"

Wata tsohuwa ta ce cikin tsoro, "Anya ma abin nan zai ciwu? Kada dafi ne."

Yalwa ta sunkuya ta tsinki ɗaya daga cikin bakwai ɗin, ta goge a zane, ta gatsa a gaban Barmo, ruwan yana bin haɓarta. Ta tauna ta haɗiye ta ce, "Bai taɓa daɗi irin na yau ba."

Sai Nomau ya miƙe, ya shiga fangalinsa ya tsinko ɗaya ya gatsa. Sai wani ya bi, wani ma ya bi. Kafin a jima kowa na tsaye cikin shukarsa yana ci, ba mai durƙuso, ba mai cewa tukuna. Barmo ya juya neman barorinsa, ya tarar Ɗanjuma ma bakinsa cike yake. Ya tattare rigarsa ya kama hanyar gari, kwandunan nan biyu suna yashe a bakin rafi, ba wanda ya kai masa su.

Yalwa ta ƙulle sauran shidan a bakin gyale ta tafi gida. Ta niƙa su da albasa da ɗan tattasai, ta yi miya, ta tuƙa tuwon gero mai laushi. Hansai ta ci loma ɗaya, ta ƙara, har ta suɗe kwanon. Kwana biyu bayan haka nono ya zo, gidan ya huta da kuka.

Irin da aka ɗiba daga tumatir ɗin Kwarin Maje shi ya bazu ko'ina, kuma rinin bai sake shi ba. Shi ya sa har wa yau, yara, tumatir kan zauna kore abinsa yana jiran lokaci, amma ranar da ya nuna sai ya fito fili ya yi ja a gaban kowa, ko sarki ne ke wucewa.