Kurege, Bushiya da Gara Magina

Ga ta nan, ga ta nanku, da laka a ƙafarta.

Ta shigo mu ji ta.

Kurege da Bushiya suka ɗauki rundunar gara aikin gina musu rumbun gyaɗa, kowa da nasa.

Kurege sarkin iyayi ya ce, "Ku kwaɓa laka, ku tayar da gini, ku yi yaɓe, sannan ku ɗora jinka. Kada ku tsallake, kada ku waiwaya."

Bushiya kuwa ta ce, "Ni dai rumbu nake so wanda ɓera ba zai shiga ba. Yadda za a yi, ku kuka sani."

Bayan an gama yaɓe, ruwan sama ya zaizaye gindin rumbunan biyu. Magina suka koma suka toshe na Bushiya. Na Kurege kuwa, jinka suka ɗora masa, suka bar ramin a buɗe, suka tafi.

Da ɓeraye suka kwashe gyaɗarsa kaf, ya je yana huci. "Ba ku ga ramin ba ne?"

Uwar gara ta ce, "Mun gani, Malam Kurege, kuma duk abin da ka ce mun yi. Ka gaya mana aikin da za mu yi, amma ba ka taɓa gaya mana abin da kake so ba."

Ƙurunƙus kan ɓeran da ya ƙoshi da gyaɗar Kurege.