Makanikin da Ya Ce Bai Iya Ba

An yi wani mutum a ƙasar Polan, zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan Jamusawa sun mamaye ta. Sunansa Hipolit, makanikin keken ɗinki ne. Bawan Allah, ba shi da komai sai hannunsa, amma keken da ya taɓa, ko ya shekara goma a kwance, sai ya tashi.

Jamusawa suka kafa masana'antar ɗinka rigunan soja a garin, suka zuba matan Yahudawa aikin tilas. Talatin a cikinsu aikinsu sa maɓalli da allura. To ku saurara, ga abin da har yau yake ɗaure mini kai. Masu tsara lamarin nan ba mahaukata ba ne. Masu ilimi ne, da kwat da tabarau, suna ofis a babban birni. Su suka zauna suka tsara a kawo injin sa maɓalli, ran da ya fara aiki a zuba matan nan a jirgin ƙasa, tunda ba su da sauran amfani. Kowa kuwa ya san mai shiga jirgin nan ba ya dawowa.

Injin ya iso, amma ya bugu a hanya, ya ƙi tashi. Aka kira Hipolit. Yana buɗewa ya ga ciwon: wani ɗan ƙarfe ne ya goce, aikin rabin awa.

Wata dattijuwa cikin matan, Fruma, tana gefe tana ɗinki. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Makaniki, an ce keke bai taɓa gagarar ka ba."

"Haka ake faɗa, Iya."

"To yi a hankali, ɗana. Ban gama rigar nan ba."

Hipolit ya mai da murfin ya rufe. Manajan, wani Bajamushe, Detmar, ya zo ya ce, "Yaushe zai tashi?"

"Ranka ya daɗe, ban iya ba."

"Ba kai ne gwanin garin ba?"

"Gwanin keken tsofaffi. Wannan sai masu ilimi."

Duk mai sana'ar hannu a cikinku ya san nauyin kalmar "ban iya ba" a baki. Detmar ya sharara masa mari a gaban matan, ya ƙwace kayan aikinsa, ya tura shi dakon gawayi. Aka aika Jamus neman makaniki. Yaƙi ya yi zafi, aka yi wata bakwai bai zo ba, matan kuma suna ta sa maɓalli. Ba duka suka tsira ba, amma goma sha ɗaya sun ga ƙarshen yaƙi. Shi kuwa Hipolit, dako ya karya masa baya. Har ya mutu ana ce masa wanda inji ya kunyata, bai taɓa musawa ba.

Wani zai ce ai ƙarya ya yi. Ni ma na kai wa malamai wannan tambaya, suka ce ƙaryar da ta ceci rai ba laifi ba ce.

Jama'a, azzalumi komai tsarinsa ba ya iya cuta shi kaɗai. Sai ya nemi direba, ya nemi mai walda, ya nemi mai buga takarda, wato ni da ku. Ran da aka kawo muku aiki, kada ku tsaya kan ko kun iya. Ku tambayi kanku wa zai cutu idan kun gama.