Ƙwaryar Kanelo

A zamanin da ɓarayin teku ke kwasar mutanen gaɓar Girka kamar kaji, an yi wani maharbi, Lambros, dodon gadu, mai kibiya ɗaya tak. Kanelo karyarsa ce, ja, mai yagaggen kunne. An ce ba ta taɓa haushin banza ba.

Da aka ƙone garinsu, Lambros ya ja gida tara zuwa kan duwatsu. Kwana uku babu ruwa. A na huɗu Kanelo ta tona gindin wani tsohon zaitun har faratanta suka yi jini, sai ruwa ya ɓulɓulo. Nan suka kafa bukkoki.

Lambros ya ce kowa ya cire wa dabbobinsa ƙararrawa, don ƙararta na kaiwa har bakin teku. Aka cire. Amma Tanasi, dattijon ayarin, mai tumbi da tumaki ɗari, ya ce in batun ƙara ne, ai kare ya fi ƙarfe. Mutanen da leɓensu bai bushe da ruwan Kanelo ba suka ce gaskiya ne.

"Baba Tanasi," in ji Lambros, "ba ta haushi sai ta ga abu."

"Ɗana, ko ita ko mu."

Lambros ya dubi 'ya'yan mutane. Ya kai Kanelo bayan dutse, tana kaɗa wutsiya, a zatonta farauta za su. Ya dawo shi kaɗai.

Ashe Tanasi bai cire wa babban ragonsa ƙararrawa ba, wai gadon kakansa ce, ulu kawai ya cusa mata. Ulun ya faɗi. Rana tsaka ɓarayi suka biyo ƙarar, suka hau dutsen babu mai haushi. Mutum goma sha ɗaya suka kora gaba, har da Fotini matar Lambros. Ya bi sawunsu da kibiyarsa, ba a sake ganinsa ba.

Ƙauyen yana nan, awakinsu na kiwo shiru, ba ƙararrawa. Kowace shekara, ranar fara tsinkar zaitun, sukan zubar da ƙwaryar ruwan farko a gindin bishiyar, su ce ta Kanelo ce. Amma je ka tambayi sunan garin. Tanasiya. Jikokin Tanasi ne suka rubuta allon sunan.