Ranar da Nan-da-nan ya karɓi girkin kaza

'Yan uwa masu bibiyar shafin nan, ku ba ni aron kunnuwanku. Akwai wani mai gyaran waya da abokai suka laƙaba wa suna Nan-da-nan, domin duk aikin da aka kawo masa amsarsa ke nan. Mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. Ko shayi a tsaye yake sha, ƙafa ɗaya a ɗaki, ɗaya a waje.

Matarsa, Maman Biyu, a kantin magani take aiki. Kullum da yamma takan dawo a gajiye, ta jefar da jaka, ta faɗa kicin, kafin ka ce kwabo ƙamshin kaza ya cika gida. Yau da tafarnuwa da lemon tsami, gobe da citta da tattasai, jibi a soya da albasa a zuba kan shinkafa. 'Yan biyunsu har lasar kwano suke yi.

Sai dai hankalinta ba a kwance yake ba. Ita ke kai yaran makaranta, kuma kullum a makare take isa kanti. Mai kantin ya ja mata kunne: in ta sake makara, ta nemi wani wurin.

Ta sami mijinta yana latsa waya, ta ce, "Baban Biyu, don Allah ka riƙa kai yaran nan makaranta. Safiya ba ta isata. Aikin nan zai suɓuce mini."

Ko ɗaga kai bai yi ba. "Wai me kike yi da safen ne? In girki ne, ai ina gani da yamma nan da nan kike gamawa. Kaza ce fa, ba raƙumi ba."

Maganar ta yi mata ciwo har idonta ya ciko. Ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum.

Ta haɗiye ta ce, "To, gobe shayin yara kawai zan dafa in fita. Abincin yamma naka ne."

"An gama!" in ji shi.

Washegari ta isa kanti a kan lokaci. Shi kuwa ya rufe shago da wuri, ya kama hanya yana fito. Sai ga kiran mahaifiyarsa, wai tana tafe ganin jikoki. Maimakon ya yi shiru, gogan sai cewa ya yi, "Inna, yau girkin ɗanki za ki ci."

Ya buɗe firij yana neman robar nan mai murfi da yake ganin matarsa na cirowa. Babu ita. Kaza na can cikin firiza, ta daskare kamar dutse.

Ya sa wuƙa, wuƙa ta zame. Ya buga ta a kan tebur, kofi ya faɗi. Ya tara ta a famfo, haƙurin jira ya gagare shi. Sai ya ƙure wutar gas, ya wurga ta cikin mai. Mai ya yi tsalle ya ɗige masa a hannu, ya yi ihu ya ja da baya.

Waya na ƙara, wani da ya kawo masa gyara na neman wayarsa. Shinkafa na tafasa tana zuba. 'Yan biyu sun tsaya a ƙofa suna cewa, "Baba, yunwa." Hayaƙi ya turnuƙe, shi kuma duk gwangwanin yajin da hannunsa ya kai sai ya juye.

A haka dai ya kai abinci gaban Inna yana sharce gumi.

Tsohuwa ta ɓare cinya ta duba. Waje ya ƙone ƙurmus, ciki kuwa jini ne, har da sauran ƙanƙara a jikin ƙashi. Ta yi wuf ta janye kwanon daga gaban yaran.

"Kai! So kake ka kwantar mini da jikoki a asibiti?"

"Inna, kazar ce ba ta da kyau."

"Kazar ce, ko mai dafa ta?"

Ana cikin haka Maman Biyu ta yi sallama, tana kore hayaƙi da hannu. Inna ta ce, "'Yar nan, zo ki faɗa mini. Ke yaya kike yi taki take nuna da wuri?"

Ta durƙusa ta ce, "Inna, ai girkin yamma da safe ake yin sa. Kafin in kwanta nake ciro ta daga firiza in sa a firij ta saki. Da safe in yayyanka ta siri-siri, in cuɗa da gishiri da tafarnuwa da lemon tsami, in rufe. In yanka albasa da tattasai in ajiye. Da yamma kasko kawai ya rage."

"To wa ke shirya yara ya kai su makaranta?"

Maman Biyu ta sunkuyar da kai.

Inna ta juya ta dubi ɗanta. "Ashe guminta kake ci kana cika baki? Wallahi ka ba ni kunya."

Ranar, burodi da ƙwai aka ci.

Da gari ya waye, Nan-da-nan ne ya ɗaure wa yaran takalma, ya rataya jakunkunansu, ya ce wa matarsa ta yi aikinta a tsanake. Ko hanyar makarantar yaran ne suka riƙa nuna masa.

A bakin ƙofa mai gadi ya tare shi, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Malam, ba a ba baƙo izinin shiga. Kai wane ne nasu?"

Kunya ta rufe shi. Da ƙyar ya iya cewa, "Ni ne babansu."

Darasi: Abin da ka ga an gama maka cikin sauri, wani ne ya sha wahalarsa tun ba ka kallo. Kada ka raina aikin da ba ka taɓa yi ba, kuma in na kusa da kai ya ce nauyi ya yi masa yawa, ka kama masa tun kafin ya faɗi. Ku tura wa 'yan uwa, musamman waɗanda a faranti kawai suka san kaza.