Ramin da Ya Ɓoye wa Ƙanensa

An yi wani mutum a Aliero, shekarun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi. Ba zan faɗi sunansa ba, don 'ya'yansa suna raye. Manomin albasa ne, yana da fadama mai kyau, rumbunsa bai taɓa zama wofi ba.

Wata shekara aka fara raɗe-raɗin akwai zinariya a wani daji bayan Maiyama. Sai ya bar ban ruwa, ya ja ƙanensa Jibrilla, suka ɗauki diga da igiya suka shiga daji. Suka yi alkawari duk abin da Allah ya ba su, biyu za a raba. Ɗaya ya sauka rami, ɗaya ya riƙe igiya a sama. Haka suka yi wata biyu, albasa tana bushewa a gida.

Ranar wata Alhamis shi ne a ƙasa. A jikin ginshiƙin ƙasar da suka bari don ya tallafi ramin, ya ga abu yana ƙyalli. Ya ɗebi laka ya shafe wurin. Da ya fito, Jibrilla ya ce, "Yaya, mi ka gani?"

Ya ce, "Babu komi. Ramin ga ya mutu, mu tahi gida."

Ya 'yan uwa, wa ya yi wa wannan ƙarya? Wanda suka sha nono ɗaya, wanda ya riƙe masa igiya wata biyu bai taɓa saki ba.

Washegari Juma'a ya ce wa matarsa Dije zai je Jega sayen taki. Ya bi ta bayan gari ya koma daji shi kaɗai. Ya ɗaure igiya a jikin bishiya ya sauka. Lokacin da jama'a ke sahu a masallaci, shi yana sarar ginshiƙi. Ya san abin da ginshiƙin ke riƙe da shi, shi ne ma ya ce a bar shi. Amma ya ce sara ɗaya kawai. Ya ƙara. Ya sake ƙarawa. Sai ƙasa ta rufto, ta danne shi daga ƙugu zuwa ƙasa.

Ya yi ihu har murya ta dushe. Wa zai ji shi?

Jibrilla kuwa, da Dije ta gaya masa yayansa ya je Jega bai dawo ba, sai ga shi a Jega, yana bin rumfa rumfa har Sabon Gari, yana tambayar wanda ya ga yayansa. Kwana biyu ana nemansa inda ya ce za shi. Ƙaryarsa ce ta kawar da masu ceto daga kansa.

A rana ta uku wani makiyayi, Hamma, ya biyo da shanu, ya ga igiya, ya leƙa ya ji nishi. Ya ruga gari ya kira mutane, har da Jibrilla. Da aka tono shi, hannunsa na dama a dunƙule yake a kan wani ɗan dutse mai ƙyalli. Jibrilla ne ya buɗe yatsun. Ya dubi dutsen, ya dubi yayansa. Ya goya shi zuwa bakin hanya.

Ƙafafun ba su sake takawa ba. Fadama ta tafi wajen magani. Shekara tara ya yi a kwance, kuma Jibrillan nan ne ke ciyar da gidansa, shi ke juya shi, shi ke yi masa wanka. An ce duk ranar da ƙanen ya shigo, sai yayan ya juya fuska bango yana kuka.

Ya 'yan uwa, ba talauci ya kai shi rami ba. Ba ma neman zinariyar ne laifinsa ba, nema halal ne. Rabi aka ce nasa, zuciya ta ce duka. Kwaɗayi yakan fara raba mutum da mai riƙe masa igiya, sannan ya sake shi.

Kowa ya duba zuciyarsa yau: haƙƙin wa ka shafe da laka?

Allah ya wadata zukatanmu da abin da ya ba mu, ya sa mu cika alkawari ko ba mai ganinmu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.