Koren Bangon Inna Tabawa

Ku gyara zama, yau shari'a na kawo muku, kuma kada wanda ya yanke hukunci sai na kai ƙarshe.

Akwai wata tsohuwa, Inna Tabawa, da ruwan damina ya rushe mata gidanta na ƙasa a ƙauye. 'Ya'yanta uku, Saude da ƙannenta Barau da Lawandi, suka ɗauko ta suka kawo ta cikin gari, suka sa ta a sabon ɗaki mai tayil da silin, bango ya sha farin fenti tas. Su a ganinsu sun gama mata gata. Ita kuwa Inna, da ma ido ya yi rauni, hankali kuma yana tafiya yana dawowa, tun da ta shiga ɗakin nan ta juya wa abinci baya. Aka yi lallashi, aka yi faɗa, aka kira likita ya ce bai ga ciwo ba. Tsohuwa tana ta ramewa, har masu dubiya suka fara sassauta murya kamar sun zo ta'aziyya.

Saude ce ke jinyarta, kuma tsoro ya kama ta ƙwarai, don ta ga uwarta na shirin tafiya a gabanta. Wata rana tana mata fifita, Inna ta kamo hannunta ta ce, "Saude, yaushe za su sallame mu ne?" Kowa ya sha jin tambayar nan ya ce ruɗewar tsufa ce. Saude ce kaɗai ta ɗaga kai ta dubi bangon. Fari fat, irin na ɗakin asibitin da mahaifinsu ya cika a ciki. Ashe Inna ta ɗauka kawo ta aka yi ta mutu. Saude ta tara ƙannenta ta ce a mayar da bangon launin tsohon ɗakinta. Barau ya ce shuɗi ne, Lawandi ya rantse ruwan toka ne, maza ke nan, a ɗakin aka haife su amma ba su taɓa kallon bangonsa ba. Saude ta ce kore ne, mai sanyi, mai ƙasa-ƙasa, kamar garin lalle kafin a kwaɓa shi.

Barau sayar da fenti yake yi a kasuwa. Ya buɗe duk wani kore da ke shagonsa, Saude tana girgiza kai: wannan ya cika ɗaukar ido, wancan ya cika duhu. Da abin ya ishe shi, ya rufe shago ya tafi ƙauye, ya tona kangon gidan har ya samo ɓallin bango da sauran launin a jikinsa. Ya dawo ya zauna yana haɗi, fari a kan kore, ɗigon rawaya, ɗigon ja, ya shafa a katako ya jira ya bushe ya gwada. Ya ɓata gwangwani ba adadi, abokan sana'a suna ce masa ya zautu. Bai tashi ba sai da aka kasa bambance katakon da ɓallin.

Lawandi shi ne mai shafe-shafen gini. Aka mayar da Inna falo, ya shafe ɗakin sumul da burushi, aikin da ko gidan attajiri sai haka. Da aka shigo da ita ta tsaya, fuskarta ta ɗan saki, ta kai tafi ta shafi bangon, sai ta janye hannu ta koma ta kwanta. Saude da Barau suka sare. Lawandi kuwa ya ga hannun nan. Ya gane mai raunin ido da tafi take gani, kuma bangon ƙasa ba ya santsi. Ya kankare aikinsa da kansa, ya tankaɗe yashi mai laushi ya zuba a fentin, ya yaɓe ɗakin da tafin hannu yadda mahaifinsu ya yaɓe tsohon ɗakinta, har fatar yatsunsa ta saɓule.

Da ya bushe warin ya fita, aka sake shigo da Inna. Ta bi bangon da hannu tun daga ƙofa har kusurwa, ta zauna ta miƙe ƙafa, ta ce a dama mata fura. Ta shanye kwanon, Saude tana kallo tana hawayen murna. Sannan tsohuwa ta goge baki ta ce, "Wa ya dawo da ni gida? Ya matso in sa masa albarka."

Saude har ta ɗaga ƙafa, sai ta dubi ƙannenta ta tsaya. Su ma suka dube ta, ga hannun Inna a miƙe yana jiran kai guda.

To, jama'a, tsakanin wadda ta gane ciwon, da wanda ya haɗa launin, da wanda ya yaɓe bangon, wa ya kamata ya matsa?