Atamfar Da Zacharias Ya Ƙi Sayarwa

Akwai wata mata a Gwarinpa mai suna Nafeesa, ma'aikaciya a wata ma'aikatar gwamnati. Ta daɗe tana sayen atamfa a Kasuwar Wuse wajen wata mata, Serah, har suka zama ƙawaye.

Da kansar mama ta kama Serah, Nafeesa ce take ɗauko ta daga asibiti duk ranar da aka yi mata ƙarin ruwan kemo. Har Nyanya take kai ta cikin cunkoso, don kada amai ya kama ta a bas.

Serah ta gama kemo, ƙullutun da ke mamanta ya ɓace. Aka yi bikin godiya a coci, aka fitar da anko shuɗi. Shekara ta zagayo, aka binne ta. Nafeesa ba ta taɓa tambayar abin da ya faru a tsakani ba. Ta dai daina bi ta layin shagon.

Bayan wasu shekaru, cutar ta faɗo kan Nafeesa. A ɗakin da take jiran Serah a da, nan aka riƙa ɗaura mata nata ruwan. Duk lokacin da ta lumshe ido, sai ta ji kamar Serah na zaune a kujerar gefenta.

Ranar da ta gama, likita ya ce, "Hajiya, saura tiyata, daga nan sai gashi, wato a gasa wajen da na'ura."

Nafeesa ta shafa wajen da ƙullutun yake a da, ba ta ji komai ba.

A gida Ummanta ta ce, "Allah Ya ba ki lafiya, me kuma za su yanka? Walima za mu yi."

Nafeesa ta yarda, don ita ma wuƙar take tsoro. Ranar da aka ba ta ta komawa asibiti, sai ta nufi Wuse neman ankon walima. Ƙafarta ta kai ta tsohon shagon.

Zacharias, mijin Serah, shi ne a zaune. Ya dubi fuskarta, babu gira ko ɗaya.

"Madam, kin gama ruwan?"

"Na gama, Alhamdulillahi. Anko na zo saya."

"Sun yi aikin?"

Ta girgiza kai.

Ya miƙe ya sauko da wata shuɗiyar atamfa daga can sama, duk ta yi ƙura. Nan take ta gane ta.

"Ita ma sun ce ta dawo a yi aiki," in ji shi. "Ni na ce kar ta je, tunda abin ya tafi. Ashe bai tafi ba. Ankon nan da muka sa ranar godiya, shi muka sa ranar binne ta. Madam, ko yadi ɗaya ba zan sayar miki ba. Ki je tukuna. In kin fito, ni zan ba ki kyauta."

Ta kira mijinta. "Abban Ameer, ka same ni a asibiti."

An yi mata aikin, an yi gashin. A walimarta kore aka sa. Shuɗiyar tana nan a saman shagon har yau.

Darasi: Ɓacewar ƙullutu ba warkewa ba ce. Ku yi addu'a, ku gode wa Allah, amma ku ƙarasa magani har likita ya sallame ku. Serah yayata ce. Don Allah ku tura wa duk macen da kuke ƙauna.